Abin da Ke Sa Ɗan Wasa Ya Daɗe a Gaban Kyamara

Yaron da ke koyon aiki ya tambayi maigidansa a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, a wajen Rayfield da ke Jos, suna jiran a gyara haske: "Maigida, me ya sa wani ɗan wasa yake shekara talatin ana nemansa, wani kuma da ya fi shi kyau da farin jini bai kai biyar ba an manta da shi?"

Ga amsar da ya samu.

Ka fara da Sadiq Daba, Allah ya jiƙansa. A farkon shekarun 1980 shi ne Bitrus a Cockcrow at Dawn, wasan NTA da aka ɗauka a nan yankin Jos, tare da marigayi Kasimu Yero. A 2014 darakta Kunle Afolayan ya ba shi rawar Sufeto Danladi Waziri a fim ɗin October 1, Daba ya kuma ci kyautar gwarzon jarumi ta AMAA, wato gasar fina-finan Afirka, a 2015. Fiye da shekara talatin ke nan tsakani. Fuskar da ya shiga da ita ta tafi, abin da aka koma nema a wurinsa aiki ne. Kuma aikin nan, ɗana, yawancinsa mai kallo ba ya ganinsa. Darakta da edita ne suke gani, su ne kuma suke sake kiran mutum.

Sin ɗaya, wato fitowa ɗaya a cikin fim, ba sau ɗaya ake ɗaukarsa ba. Za a ɗauka daga nesa, a matso a ɗauka ta bayan kafaɗar abokin wasanka, a sake matsowa a ɗauki fuskarka kaɗai. Edita zai yanka daga wannan ya haɗa da wancan. To idan a na farko ka ɗaga kofin shayi da hannun dama a kan kalmar "wallahi", dole a sauran duka ka ɗaga shi da hannun dama a kan "wallahi". Ka canza hannu, ko ka ɗaga kafin kalmar, haɗin ya ƙi, edita ya jefar da mafi kyawun wasan da ka yi ranar. Haka karin hula: in ta karkata hagu, hagu za ta zauna har a gama. Haka babbar riga, kafaɗar da ka naɗe ita za ka ci gaba da naɗewa. Akwai mai kula da kwantiniti, wato daidaituwar komai daga ɗauka zuwa ɗauka, amma idonsa biyu ne kuma mutum shida yake kallo. Tsohon hannu shi yake riƙe nasa a ka. Shi ya sa za ka ga a sin na cin abinci ƙaramar loma yake yi, don ya san wataƙila sau takwas zai maimaita ta. Sabon shiga ya cika baki da tuwo a ɗauka ta farko, a ta biyar ya fara neman kanwa.

Sai alamar tsayuwa. Ana manna tef a ƙasa inda za ka tsaya, don a nan aka saita haske, a nan kuma aka saita fokos, wato inda hoto zai fito tar. Ba a kallon ƙasa a neme ta, kyamara za ta kama idonka. Ka tsaya a kan alamar, ka yi baya kana ƙirga taku zuwa inda za ka taso, sannan ka dawo da wannan adadin. In an matso fuska da dogon lens, wato gilashin kyamara, kamar mai milimita 85, wurin da yake fitowa tar bai wuce 'yan inci ba. Ka ɗan sunkuyo gaba, idonka ya dushe, a sake. A irin wannan ɗauka jiki ya natsu, a bar ido ya yi magana. Wanda ya fito daga wasan daɓe nan yake shan wahala, ya saba da buɗe hannu da ɗaga murya don na kujerar baya ya ji, alhali a nan ɗaga gira kaɗai ya isa.

Sauti kuwa shi ne inda ake gane wanda ya daɗe. Ƙaramin makirufo yana maƙale a ƙirjinka a ƙarƙashin riga. Shadda mai sitaci tana ƙara da kowane motsi, carbi yana ƙwanƙwasa, in kuma ka bugi ƙirji don nuna fushi ka kashe layin, wato maganar da kake faɗa, gaba ɗaya. Kada ka hau kan maganar abokin wasanka sai darakta ya ce a yi haka. Bar ɗan numfashi tsakani don almakashin edita ya samu wurin shiga. In ka faɗi layinka na ƙarshe, kada ka saki fuska. Riƙe ta har ka ji "kat", ko da daƙiƙa uku ne. Sau da yawa wannan shirun shi ake rufe sin da shi.

Garin nan ma yana da nasa sharaɗin. Sanyin Disamba da Janairu yana shaƙe murya da asuba, don haka ruwan ɗumi kafin a fara, ban da na firji, da ɗan man kaɗe a leɓe don tsagewa tana fitowa ƙarara in an matso. Da damina gajimare na iya rufe rana cikin minti biyu. Wanda ya zo da haddar layinsa an ɗauke shi kafin hasken ya gudu. Wanda yake leƙen takarda ya sa mutum ashirin zaman jira, furodusa yana ƙirga kuɗin janareta da hayar kyamara. Ba zai yi maka faɗa ba. Fim na gaba dai ba za ka ji wayarsa ba.

Akwai kuma gaɓar da take kayar da mutane da yawa, wato ranar da za a ce maka ba kai ne saurayin ba, kai ne baban yarinyar. Wasu suna jin an ci musu fuska, su ƙi, su shafa baƙin rini a gemu su zauna jiran kiran da ba zai zo ba. A ganina wauta ce. Saurayi a fim yana da 'yan shekaru ƙalilan, amma uba, kawu, alƙali, liman, mai unguwa, attajiri, kusan kowane labarin Hausa yana buƙatarsu, kuma masu iya su ba su da yawa. Sai dai rawar dattijo daban take: ana rage sauri, ana sauke murya, ana koyon sauraro, don rabin aikin uba a sin shi ne yadda fuskarsa take karɓar abin da ɗansa ya faɗa.

Yanzu da fina-finai masu dogon zango suka yi yawa, ka ƙara da wannan: muddin ba a gama zango ba, kada ka aske gemu ko ka canza aski sai ka tambayi mai kwantiniti. Sin ɗin da aka ɗauka yau yana iya haɗuwa da wanda aka ɗauka wata biyu baya, a labari kuma minti ɗaya ne tsakaninsu. Ka sa a ɗauke ka hoto da waya a ƙarshen kowane sin, gaba da gefe, ka rubuta lambar sin ɗin a jiki.

Tashi ka miƙo tef ɗin can, an gama saita haske.