An taɓa yi min aiki a gwiwa, za a ɗauke ni soja a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka da katin zama na dindindin, kuma ina son shiga sojan ƙasa. Shekara biyu da suka wuce jijiyar gwiwata ta tsinke a wajen ƙwallo, aka yi min aiki. Yanzu garau nake, har gudu ina yi. Wani abokina ya ce kada in kuskura in faɗa, wai da jin haka za su sallame ni. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar abokin nan naka ita ce za ta jefa ka cikin matsala, ba gwiwar ba. Tun 2022 cibiyoyin tantance masu shiga soja, wato MEPS, suke aiki da manhajar MHS Genesis, wadda ke janyo tarihin lafiyar mutum daga asibitoci da wuraren sayar da magani. Kafin ka zauna gaban likita, mai yiwuwa ya riga ya ga aikin da aka yi maka. Ko bai gani ba, tabon yana nan, kuma za a sa ka ka tsuguna ka yi tafiyar agwagwa a gabansa. Wanda ya ɓoye ya shiga, aka gano daga baya, ana iya korarsa, har ma a hukunta shi kan shiga soja da yaudara.

Ka kwantar da hankalinka. Ƙa'idar Ma'aikatar Tsaro mai lamba 6130.03 ta hana wanda aka gyara wa jijiyar gwiwa cikin wata 12 da suka gabata, ko wanda gwiwar take yi wa ciwo, ko take gocewa, ko cinyarsa ta rame. Kai ka wuce wa'adin. Abin da ya rage shi ne ka nuna da takarda cewa gwiwar ta tsaya daram.

A nan mutane da yawa suke sakaci, abin yana damuna. Cewa "na warke" ba hujja ba ce a wurinsu. Ka koma asibitin ka karɓi rahoton tiyatar kansa, wanda ya bayyana abin da aka yanka da abin da aka dasa, da takardun gashin ƙashi, da hotunan da aka ɗauka, sannan wasiƙar likitan ƙashi cewa ya sallame ka ba tare da wani sharaɗi ba. Idan akwai ƙarfe ko kusa a ciki, ba lallai ya hana ka ba, muddin ba ya ciwo kuma ba ya hana ka sa kayan soja.

To idan likitan MEPS ya ce ba ka cika ƙa'ida ba fa? Maganar ba ta ƙare ba. Shi aikinsa ya auna ka da ƙa'ida kawai. Ɗaga ƙafa kuwa hurumin rundunar da kake nema ne. Jami'in da ke ɗaukarka shi zai tura buƙatar, likitocin rundunar su duba, wataƙila su tura ka wurin ƙwararre ya sake gwada gwiwar. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma babu wanda zai iya yi maka alkawarin amincewa. Wanda aka yi wa aikin sau biyu a jijiya ɗaya, hanyarsa ta fi wuya.

Kowace runduna da nata hukuncin. Idan sojan ƙasa suka ƙi, kana iya kai takardunka wurin sojan ruwa ko na sama su duba daga farko.