Wa ya mallaki dukiyar da ke tsakiyar teku?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo wai kamfanoni na shirin haƙar ma'adinai a ƙasan teku, can inda ba yankin kowace ƙasa ba. To wa ke ba su izini? Mu kuma 'yan Nijar da ba mu da gaɓar teku, muna da rabo a ciki? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Kuna da rabo, ɗan'uwa, sai dai har yanzu a takarda yake.

Dokar da ake bi ita ce Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994. Ta ba ƙasar da ke bakin teku cikakken iko har mil 12 na ma'aunin teku daga gaɓarta, da ikon cin moriyar kifi da mai har mil 200, wato kusan kilomita 370. Abin da ya wuce nan, kusan kashi biyu bisa uku na tekunan duniya, babu mai shi.

Amma dokar ta bambanta ruwan da ƙasan da ke ƙarƙashinsa. Kifin tsakiyar teku na wanda ya kama ne. Ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ce za ta tsawatar masa, sai kuma hukumomin yanki masu ƙayyade yawan kamu. Wannan tsari ya yi wa masu manyan jirage daɗi, domin akwai ƙasashen da ke sayar da rajistar tutarsu ba su damu da abin da jirgin ke aikatawa ba.

Ma'adinan ƙasan teku kuwa hukuncinsu daban ne. A 1967 jakadan Malta, Arvid Pardo, ya tsaya a zauren Majalisar ya nemi a ɗauke su a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya, kada masu ƙarfi su riga kowa su wawashe. Aka karɓi wannan ra'ayi, aka kafa Hukumar Kula da Ƙasan Teku mai mazauni a Kingston, babban birnin Jamaika. Ita ke ba da izini, kuma dokar ta ce a raba amfanin ba tare da ware ƙasashen da ba su da teku ba. Ta nan Nijar da Chadi suka shigo.

Inda idon kamfanoni ya fi karkata shi ne wani yanki na tekun Pasifik tsakanin Hawai da Meziko. A zurfin fiye da mita 4,000 akwai dunƙulallun duwatsu kamar dankali, ɗauke da kobalt da nikel da manganis da tagulla, waɗanda ake buƙata wajen haɗa baturan motoci masu lantarki. Hukumar ta ba da kwangilolin bincike kusan 30, amma ba ta ba kowa izinin haƙa don kasuwanci ba, domin ba a gama rubuta ƙa'idojin ba, balle a tsayar da yadda za a raba kuɗin. Ƙaramar ƙasar Nauru ta matsa lamba a 2021 a hanzarta, yayin da Faransa da Jamus da wasu ƙasashe da dama ke cewa a dakata, tunda ba a san ɓarnar da za a yi wa halittun wurin ba. A ganina masu cewa a dakata sun fi hujja, don duwatsun nan miliyoyin shekaru suke ɗauka kafin su haɗu.

Babban rauni shi ne Amurka ba ta taɓa shiga yarjejeniyar ba. A watan Afrilun 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin hanzarta ba kamfanoni izini a ƙarƙashin dokar Amurka kaɗai, har a wuraren da ke hannun hukumar. Hukumar ta ce hakan ya saɓa wa doka, amma ba ta da soja ko jirgin sintiri. Idan aka fara haƙa ta wannan hanya, ko sisi ba zai shiga asusun da za a raba muku ba.