Fatawa: 'Ya'yana suna kwaikwayon gem a wasansu

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. 'Ya'yana uku ne: babban shekararsa tara, mai bi masa shida, sai auta mace 'yar shekara huɗu. Tun da ƙanen babansu ya fara ba su wayarsa suna buga gem, wasansu ya sauya. Da can motar langa-langa suke ƙerawa, yanzu sai su ɗauki kara su ce bindiga ce, wannan ya harbi wancan, shi kuma ya faɗi ya ce ya mutu. Babansu ya ce a hana su gem ɗin da wasan baki ɗaya, har 'yar tsanar autar ya ce a jefar, wai gunki ce. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya miki su, ya shirya su. Mai gidanki kishin addini ne ya sa shi faɗin haka, Allah ya saka masa da alheri, sai dai ya haɗa abubuwa biyu da shari'a ta raba, wato wasan da yaro ke ƙirƙira da kansa da kuma gem ɗin da wani ya ƙera ya miƙo masa.

Mu fara da 'yar tsana, domin a kanta akwai nassi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Idan ya shigo sai ƙawayenta su ɓuya, shi kuma ya turo mata su su ci gaba da wasa. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata rana iska ta yaye labule, sai ya ga kayan wasanta, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya yi mamakin doki da fukafukai, ta ce masa ashe bai ji cewa Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana.

Ki dubi wannan da kyau, 'yar'uwa. Yarinya ta kawo abin da babu shi a zahiri, ta kuma kare shi da hujja irin ta ƙuruciya. Bai ce mata ƙarya take yi ba, bai karɓe dokin ba. Daga irin waɗannan hadisai ne Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, ya tabbatar da cewa 'yan tsanar yara mata an ware su daga hanin mutum-mutumi, domin da su yarinya ke koyon reno da riƙon gida, kuma a kan haka mafi yawan malamai suke. Ba mata kaɗai ba ne ma. Sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce sukan sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, idan yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa har a sha ruwa. Saboda haka a bar wa auta 'yar tsanarta.

Haka hukuncin yake ga dokin kara da tuwon ƙasa da wasan malam da ɗalibai. Yaron da ya ce ni ne direba ba maƙaryaci ba ne, domin shi da abokansa duk sun san wasa ne. Annabi da kansa ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, da ya idar ya ce ɗansa ne ya mayar da shi abin hawa, bai so ya gaggauta masa ba sai ya gama. Imam Gazali ya yi gargaɗin cewa hana yaro wasa da takura masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dakushe masa basira.

Bindigar kara ita ma ba ta haramta ba. Yara sun daɗe suna wasan yaƙi tun kafin a san waya. Abin da za ki sa wa ido shi ne cutarwa ta gaske, da zagi, da mayar da ƙarami abin harbi kullum, da kwaikwayon fashi ko wulaƙanta gawa. Idan kin ga haka, ki gyara musu labarin wasan, su zama masu tsaron gari ko masu ceton wanda aka sace.

Shi kuwa gem, asalinsa halal ne, domin al'adu da wasanni suna kan halacci har sai dalili ya zo da hani. Abin da ke cikinsa da abin da yake jawowa su ke sauya hukuncin. Ya haramta idan akwai tsiraici, ko a sa ɗan wasa ya rusuna wa gunki don ya sami ƙarfi, ko a ba shi maki saboda sata da kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Su masu sayar da gem ɗin ma suna rubuta shekaru a jikinsa. GTA, alal misali, an rubuta masa 18, amma sai ka tarar da yaro ɗan firamare yana buga shi a gidan gem. Caca ma ta shigo ta ƙofar baya: a biya kuɗi a buɗe akwati a cikin gem ba a san abin da ke ciki ba. Wannan shi ne maisir da aka hana a Suratul Ma'ida, kuma ko ƙasar Beljiyam ta ayyana irin waɗannan akwatuna a matsayin caca a 2018. Haka yaran da ke zuba kuɗi a gidan gem, wanda ya ci wasan ƙwallo ya kwashe. Wasan da ya dogara ga jefa ƙwayar lido kuwa, Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wanda ya yi wasa da nardu, wato wani wasan jefa ƙwaya, ya saɓa wa Allah da Manzonsa, don haka ina ganin barinsa ya fi tsira ko da a waya ne.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne motar langa-langar da aka daina ƙerawa. Yaron da ke ƙera mota shi ne mai tunanin, shi ke nemo gwangwani da tsohon silifa, ya yanka taya, ya ɓata ya sake. A yawancin gem kuwa an riga an gama masa tunanin, nasa latsawa ne kawai, kuma an tsara shi yadda ajiye wayar zai yi masa wuya. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai na gine-gine da na lissafi masu amfani. Amma ko mai kyau ne, idan ya cinye lokacin salla da Islamiyya da barci da fita dandali, ya zama cuta, kuma hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ta kuma ba da shawarar kada yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a gaban waya ko talabijin a rana.

Yaranki an ɗauke musu alƙalami, ba su da zunubi. Ke da babansu za a tambaya, domin ku ne masu kiwo. Ku zauna ku ga gem ɗin da idonku kafin ku yanke hukunci. Ku goge na harbe-harbe irin su PUBG da Free Fire, domin sun fi ƙarfin shekarunsu, kuma ta cikinsu baƙi kan yi hira da yaro ba ku sani ba. Wanda ya rage a yanka masa lokaci, a tsakar gida inda kowa ke gani, bayan an yi salla an gama karatu. Babban ya wuce shekara bakwai, umarni da salla ya hau kanku a kansa, kiran salla kuwa shi ne ƙarshen gem ko ana tsakiyar cin wasan. Autar ba ta da buƙatar gem yanzu. Maganar ƙanen babansu kuma, ki bar wa mai gidanki ya yi masa cikin mutunci, cewa kada ya ƙara ba su waya sai da saninku.

Wallahu a'alam.