Karena ba ya haushi, kuma an ce jinin daji ba ya buƙatar allura

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wani abokina ya kawo min kwikwiyo daga kudu, ya ce Basenji ne, yanzu watansa takwas. Ba ya haushi sam, sai wani kuka mai kama da guɗa, kuma ya kashe min zabbi biyu. Maƙwabta na cewa rabinsa dila ne. Wanda ya sayar ya ce jinin daji ne, ciwon haukan kare ba ya kama shi, shi ya sa ba a yi masa allura ba. Shekaranjiya ya ɗan ciji ƙaramin ɗana a hannu suna wasa. Hankalina bai kwanta ba. (Mai karatu, Samaru)

Amsa: Malam, ka kai yaron asibiti yau, a fara masa allurar cizon kare.

Batun dila kuwa, babu shi. Basenji tsohon iri ne na mafarautan dazukan Kongo. Haka Allah ya yi shi: ba haushi, goshi da tamoji, wutsiya a nannaɗe, macen kuma sau ɗaya take neman namiji a shekara. Farauta na cikin jininsa, duka ba zai raba shi da zabbi ba, sai shinge mai tsawo da yawon motsa jini kullum da igiya. Gashinsa gajere ne, sanyin hunturun Zariya na wahalar da shi, a shimfiɗa masa buhu inda iska ba ta bugawa. A riƙa cire kaska, a ba shi maganin tsutsar ciki.

Amma zancen nan na “jinin daji” ya ishe ni. Kullum sai na ji shi, har daga bakin masu digiri. Ciwon hauka bai san irin kare ba. Dilan da ake faɗa ɗin ma yana kamuwa, yana kuma yaɗawa. Ƙwayar cutar ta yawu take shiga, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci wata biyu zuwa uku, mutum na harkarsa har tabon ya warke. Ranar da ya fara tsoron ruwa, sai dai addu'a. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya mutum kusan 59,000 ne ke mutuwa duk shekara, kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Duk da haka sai ka ga an ƙona gashin karen an barbaɗa a ciwo, ko an je kemis an yi allurar tetanus an ce shi ke nan. Ita wannan ba ta hana haukan kare ko kaɗan. Ga kuma masu yawo a babur da kwalbar rigakafi da ta wuni a aljihu cikin rana, suna kiran kansu likitan dabbobi. Allurar da ta bar sanyi ba a dogara da ita. Wallahi haƙƙin ran yaran nan yana wuyan mai wannan sana'a.

Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, sai asibiti. Karenka kuma kada ka kashe shi. Ka killace shi kwana 10 ana lura da shi, ka sanar da asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, tunda ga shi nan kusa da kai. In ya wuce lafiya, a yi masa allurar da ya kamata ya samu tun yana wata uku, a maimaita duk shekara, ka kuma karɓi katin shaida ka adana.