Tutar Uƙabu: Ma'anarta, Asalinta da Hukuncin Ɗaga Baƙar Tuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, na ji wani mai wa'azi yana cewa sunan tutar yaƙin Manzon Allah (SAW) Uƙabu, kuma baƙa ce. Mene ne ma'anar wannan suna, daga ina ya samo asali? Shin ɗaga baƙar tuta sunna ce da ake samun lada a kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, uƙabu a Larabci sunan gaggafa ne. Larabawa sun kira babbar tutar yaƙi da shi saboda yadda take kaɗawa a saman runduna kamar tsuntsun yana shawagi. Ibn Manzur, mai ƙamusun Larabci na Lisanul Arab, ya kawo cewa har baƙar raƙuma sukan kira da wannan suna. Sunan ya girmi Musulunci: Ƙuraishawa suna da tuta mai suna Uƙabu tun jahiliyya, masu tarihi kuma suka ce a hannun Abu Sufyan take lokacin da Musulunci ya zo.

Akwai bambanci tsakanin liwa'i da raya, ko da yake mu duka tuta muke ce musu. Alƙali Ibnul Arabi Bamalike ya ce liwa'i shi ne ƙyallen da ake ɗaurawa a kan mashi a nannaɗe, daga kalmar lawa, wato murɗawa. Raya kuwa a ɗaura ta a sake ta iska tana kaɗawa. Liwa'in Ƙuraishu gadon Banu Abdid Dar ne daga Ƙusayyu ɗan Kilabu, kuma Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya riƙe liwa'in Musulmi a Uhudu har ya yi shahada, ɗan wannan gida ne. Ka ga Annabi (SAW) ya tarar da al'adar, bai rushe ta ba.

Game da launi, Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa rayar Annabi (SAW) baƙa ce, liwa'insa fari. Barra'u ɗan Azibu ya ce baƙa ce mai kusurwa huɗu, ta wani mayafin ulu mai zane. Shi kuwa sunan Uƙabu ba ya cikin Bukhari da Muslim. Malaman sira ne irin su Ibn Sa'ad suka ambace shi, a labarin Khaibara, shekara ta 7 bayan hijira. Ba laifi a faɗe shi a matsayin tarihi, amma ba a gina hukunci a kansa. Ruwayar da ta ce an rubuta kalmar shahada a jikin tutar, Ibn Hajar ya ce isnadinta mai rauni ne ƙwarai.

Don haka launin tuta al'ada ce ta yaƙi, ba ibada ba. Wanda ya ɗauki baƙin ya ce shi ne sunna, ina ya baro farin da aka shiga Makka da shi a shekara ta 8? Amfanin tuta shi ne mayaƙa su san inda shugabansu yake, su taru a wurin. Shi ya sa a yaƙin Mu'uta da Zaidu ya faɗi Ja'afaru ya karɓi tutar, sai Ibn Rawaha, sai Khalidu. Baƙi bai zama tambarin wata daula ba sai da Abu Muslim ya ɗaga shi a Khurasan a 129 bayan hijira domin Abbasiyawa, wannan kuwa siyasa ce.

Hukuncin tambayarka: babu lada na musamman a ɗaga baƙar tuta, babu zunubi a barinta. Ɗaura tutar yaƙi haƙƙin shugaban Musulmi ne, ba na kowane mai ƙungiya ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya yi yaƙi ƙarƙashin makauniyar tuta, wato wadda manufarta ba ta bayyana ba, yana fushi don ƙabilanci, aka kashe shi, mutuwar jahiliyya ya yi. Idan kuwa a wani wuri baƙar tuta ta zama alamar masu zub da jinin bayin Allah, nisantarta wajibi ne, domin toshe ƙofar fitina da kare kai daga zargi.

Wallahu a'alam.