Minti nawa ne zuwa asibiti? Yadda za ki auna da wayarki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti da ke wajen birnin Kano. Google Maps ya ce daga wata unguwa zuwa wurinmu minti 15 ne, masu zuwa awon ciki kuma sun ce sai sun yi awa guda a hanya. Wa zan yarda da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki yarda da matan. Lissafin da manhajar ta ba ki na mai motar kansa ne. Ba ruwanta da tafiyar ƙasa zuwa bakin titi, ko jiran a-daidaita-sahu, ko direban da ba ya tashi sai mota ta cika.

Kafin taswira ta iya lissafa tafiyar motar haya, sai an ba ta bayanai a tsarin da ake kira GTFS, wanda Google da hukumar sufurin birnin Portland na Amurka suka faro a 2005. A ciki ake zuba hanyoyi da tashoshi da lokutan tashi. To, ina a-daidaita ina jadawali? Mutanen Nairobi ma haka suka yi fama, har sai da ɗalibai suka riƙa hawa motocin matatu, wato bas-bas ɗin haya na can, da wayoyi suna naɗar hanya, a aikin Digital Matatus, aka shigar da bayanan cikin Google Maps a 2015.

Ke ma dabarar ke nan. Ki sauke manhajar OsmAnd ko OSMTracker a wayarki, ki kunna GPS, ki fara naɗa daga tsakiyar unguwar. Duk inda kika tsaya jira ko kika canza abin hawa, ki sa alama, ki rubuta kuɗin mota, domin sau da yawa shi ke hana mace fitowa, ba nisa ba. Ki maimaita da sassafe, da bayan Isha'i, da ranar da aka kwana ana ruwa. Awon hanya da dare ya fi muhimmanci a wurina, tunda naƙuda ba ta zaɓar lokaci. Wayar za ta ba ki fayil na GPX, wanda manhajar QGIS ke buɗewa a kwamfuta kyauta.

Kada ki tsaya a ƙofar asibitinku. A 2015 kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan tiyata ya sa awa biyu a matsayin ma'auni na isa asibitin da zai iya yi wa mai haihuwa aiki. Saboda haka ki auna har zuwa babban asibitin da kuke tura marasa lafiya.

Tambaya: Malam, naɗar hanya da GPS ba ta cinye data?

Amsa: A'a. Daga tauraron ɗan'adam wayar ke karɓar sigina kai tsaye, batir ne kawai ke shan wuya. A sauke taswirar jihar tun daga gida. Kuma a fara naɗa daga masallaci ko rijiyar unguwa, ba daga ƙofar gidan mara lafiya ba, domin fayil ɗin yana nuna wurin daidai.