Amsoshin tambayoyi: Fiziks a ƙaramar kwaleji a Amurka, ko asarar kuɗi ce?

Tambaya: Malam, ɗana ya ci fiziks da lissafi sosai a WAEC. Wata ƙaramar kwaleji a Amurka, irin waɗanda suke kira libaral ats, ta ba shi gurbi da tallafi. Ni dai a sanina ɗan ats ba ya shiga ɗakin gwaji. Kada yaro ya je ya dawo mana da digirin zane. In bar shi? Daga wani mahaifi a Zariya.

Amsa: Alhaji, Allah ya raya yaro. Sunan ne ya ruɗe ka, kuma ba kai kaɗai ba. A wajenmu tun aji huɗu na sakandare ake raba 'yan sayans da 'yan ats. A can kuwa sunan yana nufin makarantar digirin farko ta shekara huɗu, inda ɗalibi ke haɗa fanninsa da ɗan tarihi, rubutu, falsafa ko wani harshe, kuma galibi sai ƙarshen shekara ta biyu yake tsayar da abin da zai ƙware a kai. Fiziks ɗin da ake koyarwa na gaske ne. John Mather, wanda ya samu kyautar Nobel ta fiziks a 2006, a irin wannan kwaleji mai suna Swarthmore ya yi digirinsa na farko, ya gama a 1968. Robert Noyce, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, a kwalejin Grinnell ta jihar Iowa ya karanta fiziks da lissafi.

Ribar tana cikin ƙanƙantar wurin. Kwaleji kamar Williams ɗalibanta kusan 2,000 ne gaba ɗaya, adadin da wata tsangaya ɗaya a jami'o'inmu ta fi shi. Yawancin irin waɗannan makarantu ba su da ɗaliban digirin digirgir, saboda haka in farfesa na neman wanda zai riƙe masa na'ura, ɗan aji biyu zai kira. Shi zai ɗaure waya, shi zai kwana yana jiran awo ya fito, shi zai lalata abu a yi masa faɗa ya gyara. A kwalejin Reed da ke Portland har da ƙaramin injin nukiliya na bincike, kuma ɗaliban digirin farko ne suka fi yawa cikin masu gudanar da shi. A babbar jami'a sau da yawa sai yaro ya bi layi bayan manya kafin ya taɓa irin wannan.

Amma ba zan ɓoye maka giɓin ba. Sashen fiziks na iya zama malamai shida ko takwas, wasu manyan kwasa-kwasai kuma sau ɗaya a duk shekara biyu ake buɗe su. Akwai kuma shirin binciken hutun bazara mai suna REU da gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyi, wanda kuɗinsa na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Ɗanka ba ya ciki. Don haka ya rubuta wa shugaban sashen da kansa, ya tambaya ko kwalejin tana biyan baƙi su yi bincike a hutu da kuɗinta, da kuma inda waɗanda suka gama a shekarun nan suka nufa. Amsar nan ta fi duk hotunan ciyawa da ke cikin ƙasidar talla.

Sai kuɗi. Kuɗin manyan kwalejojin nan ya haura dala 80,000 a shekara in an haɗa da ci da kwana. Ka zauna da takardar tallafin da biro a hannu: nawa ne kyauta, nawa ne bashi, nawa ne ladan aikin da zai yi a makaranta, kuma shekara huɗu za ta ɗauka ko ɗaya? Inshorar lafiya da tikitin jirgi su kan ɓuya a ƙasa. Tun 2025 kuma aka tsaurara wa 'yan Najeriya biza, don haka ku leƙa ofishin EducationUSA a Abuja, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, kafin ku biya kuɗin riƙe gurbi. In waɗannan sun daidaita, ni dai da ɗana ne zan bar shi ya tafi.

Tambaya: Yaya, ni injiniya nake son zama. An ce zan iya fara fiziks a irin wannan kwaleji in ƙarasa a wata jami'a. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Gaskiya ne, ƙanwata. Tsarin 3-2 ake ce masa: shekara uku a kwaleji, biyu a jami'a kamar Columbia, ki fito da digiri biyu. Sai dai shekara biyar ce, kuma ba lallai tallafin kwalejin ya bi ki zuwa can ba. Tunda kin riga kin san abin da kike so, nemi inda ake koyar da injiniyancin kai tsaye. Swarthmore da Harvey Mudd ƙanana ne, kuma dukkansu suna ba da wannan digirin cikin shekara huɗu.